Garmar mota ko tarakta: yadda na yi zaɓi a ƙasar dusar ƙanƙara

Sunan nan na dusar ƙanƙara da muka ba ta da Hausa shi ya fara ruɗa ni. Wanda ya taso yana ɗaukar kwaryar dusa da hannu ɗaya yana kai wa tumaki, in ya ji an ce dusar ƙanƙara zai ɗauka abu ne marar nauyi, wanda tsintsiya ma za ta iya da shi. Ban san nauyinta ba sai a 2019, da muka bar gidan haya a cikin birnin Buffalo, a jihar New York ta Amurka, muka sayi wani tsohon gidan gona a kudu da birnin, can bayan wani gari mai suna Hamburg. A gidan haya mai gida ke biyan masu share hanya. A nan kuwa hukumar gari tana share babban titi ne kawai, abin da ke tsakanin titi da ƙofarka naka ne.

Daga bakin titi zuwa garejinmu mita 120 ne. Hanya ce ta tsakuwa, faɗinta kamar mita 4, lambatu a hagu, jerin itatuwa da shingen waya a dama. Daga baya na zauna na yi lissafi: in dusar ƙanƙara ta kai tudun mita ɗaya a wannan hanya, ko da mai sauƙin nan ce wadda ba ta jiƙe ba, nauyinta ya kusa tan 50. Wannan ba aikin shebur ba ne, kuma a wannan yanki kusan duk babbar guguwa sai an ji labarin wanda zuciyarsa ta tsaya yana cikin kwasa da shebur.

Dalilin da ya sa yankinmu ya fi shan ta shi ne tafkin Erie. A farkon hunturu ruwan tafkin bai gama hucewa ba, sai iska mai tsananin sanyi ta taso daga Kanada ta bi ta kansa, ta ɗebo danshi, ta zo ta juye shi a kan garuruwan da ke gabas da tafkin. Zubar tana zuwa ne a siririn layi. Kana iya barin rana tana haskawa a arewacin Buffalo, ka yi tafiyar minti ashirin ka shiga inda ba ka ganin gaban motarka. Abin ba ya lafawa sosai sai tafkin ya daskare, kuma akwai shekarun da ba ya daskarewa gaba ɗaya.

Hunturun farko wani mai mota na riƙa biya. Mutumin kirki ne, amma gidaje da yawa gare shi, ni kuma ƙarfe shida da rabi nake fita aiki. Da na makara sau uku a wata ɗaya sai na ce gara in mallaki abin yi.

Na zaɓi a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, ta hannu, aka ɗaura mata garma a gaba. Garmar faifan ƙarfe ce mai faɗin ƙafa takwas, kana ɗaga ta, ka sauke, ka karkata ta hagu ko dama da ɗan maɓalli daga cikin mota. Kamfanonin da aka fi sani da ƙera ta a nan su ne Western da Fisher da Boss da Meyer. Hujjata a lokacin mai ƙarfi ce, har yanzu ban ce ta banza ba ce: dama ina bukatar mota, kuɗin garma bai kai na tarakta ba ko kusa, ga ɗumi a ciki, ga sauri. Akwai abubuwan da makanike ya ja kunnena a kai tun ranar farko. Garma ta haura kilo 300, kuma duk nauyin a kan ƙafafun gaba yake, don haka ba kowace mota ke ɗaukarta ba. Sai an jera buhunan yashi a can ƙarshen bayan motar don tayoyin baya su kama ƙasa. A hanyar tsakuwa kuma sai an daidaita 'yan takalman ƙarfen da ke ƙarƙashin garmar, su ɗaga bakinta kaɗan, in ba haka ba ka kwashe tsakuwarka ka zuba a ciyawa.

Hunturu biyu na ji daɗinta. In aka wayi gari da inci biyar ko shida, kafin shayina ya huce na gama, minti goma sha biyar. Har filin ajiye motocin masallacinmu na sha sharewa ranar Juma'a, abin da ya fi komai faranta mini rai game da motar nan.

Amma tun a hunturu na biyu na lura da wani abu da ya kamata in gane da wuri, ni da na taso ina bin mahaifina a bayan garmar shanu. Garma aikinta huɗa ne. Ba ta ɗauke ƙasa daga gona, kifar da ita take yi gefe ta tayar da kunya. Haka garmar mota take: duk wucewa ɗaya tana ƙara kunya a gefen hanya. Kunyar nan ta sha rana ta narke kaɗan, dare ya yi ta daskare ta zama dutse. Zubar da ta biyo baya ba ta da inda za ta kifa sai gaban waccan. A Disamba hanyata mita huɗu ce, zuwa Fabrairu da ƙyar mota ɗaya ke bi ba ta goga ba. Masu fili a gefe suna tura ta can nesa tun zubar farko don su bar wa na baya wuri. Ni lambatu da itatuwa sun tsare ni. Titi kuma ba mafita ba ne, domin dokar jihar New York ta hana mutum tura dusar gidansa kan titin jama'a.

Sai ga Nuwamba 2022. Daren Alhamis 17 ga wata ta fara, har da tsawa da walƙiya. Gwamnar jihar, Kathy Hochul, ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana tuƙi a yankinmu, wasan da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Buffalo Bills za ta buga a filinta na garin Orchard Park aka mayar da shi birnin Detroit. Kafin ta ɗauke, abin da aka auna a Hamburg ya kai inci 81, wato sama da mita biyu.

Ka'idar mai garma ita ce kada ka bari ta taru, ka riƙa bin ta tana zuba. Na bi. Na fita ƙarfe biyun dare, na sake fita kafin asuba, na sake da hantsi. Kafin azahar ɗin Juma'a bangon da ke gefe biyu ya fi garmar tsawo. In na tura, sai dusar ta hau bangon ta gangaro mini baya. Na ja da baya na taho da ɗan gudu don in karya tulin da ke gaban gareji, sai motar ta hau kansa maimakon ta ture shi, cikinta ya zauna daram, tayoyi huɗu suna juyawa a iska. Na yi gaba, na yi ribas, na yi gaba, har na fara jin ƙaurin man giya. Ina ɗaga kai na hango maiɗakina a bakin ƙofa, ta rufa da bargo, tana ɗaga murya: "Malam, don Allah ka kashe motar nan ka shigo. Dubi salansarka." Na leƙa, dusa ta binne bakin salansar. Da na ci gaba da zama a ciki da inji a kunne, hayaƙin da ba ya wari zai cika motar. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kafin in shiga gida sai da na zagaya na tone bakin bututun hitar gida, don shi ma in ya toshe haka yake kashe mutane.

Ranar Asabar da la'asar muka ji ƙarar inji. Maƙwabcinmu ne, wani dattijo manomi da ya haura saba'in, a kan tsohuwar taraktarsa. Da baya yake tahowa, a hankali kamar tafiyar mai ɗauke da tulu, injin da ke bayan taraktar yana cin bangon dusar yana feso ta sama, tana tsallake itatuwan tana sauka a gona. Inda ya wuce ba kunya, ba tudu, gefe biyu a yanke tsaf kamar an sa wuƙa a tuwon da ya kwana. Da ya iso wurin motata ya juya, ya sa bokitin gaba ya kwashe abin da ke kewaye da ita, ya ɗaura sarƙa ya fizgo ta. Na kawo masa shayi, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya dubi lambatun, ya dubi itatuwan, ya ce mini mota ba ta yi laifi ba, hanyar ce ba ta garma ba. Ya ce kafin mutum ya tambayi abin da zai saya, ya fara tambayar inda zai ajiye dusar watan Fabrairu.

Wata guda bayan haka guguwar ƙarshen Disamba ta zo, wadda ta kashe mutum fiye da 40 a yankin Buffalo. Ita da iska ta zo, iskar da ta wuce mil 70 a awa. Ta nuna mini ɗaya aibin kunya: hanyar da ke tsakanin bango biyu rami ce, iska tana cika ta cikin awa guda ko da sama ta daina zuba. Gyaran giyar motar kuma ya ci kuɗin da bai kamata in kashe ba. Gaba da ribas sau ɗari a dare ɗaya, da kaya a gaba, ba abin da ya fi shi gajiyar da giya.

Da hunturu ya wuce, lokacin da masu sayarwa suka fi sassauci, na sayi ƙaramar tarakta ta hannu mai jan ƙafa huɗu, irin waɗanda Kubota da John Deere suka cika yankin da su. Tana da bokiti a gaba, a baya kuma injin feso da ke karɓar ƙarfi daga sandar nan da ke fitowa daga bayan tarakta, mai juyawa sau 540 a minti. Na sayar da garmar, na bar motar don zuwa aiki.

Ba zan ɓoye wahalarta ba. Tawa ba ta da rumfa, a fili nake zaune, kuma in na kuskura na juya bakin bututun feso ya fuskanci iska, duk abin da na watsa fuskata yake dawowa. Da baya ake aikin, rabin awa kana waiwaye, washegari wuya ya sanar da kai. Aikin da mota ke yi a minti goma sha biyar tarakta sai ta ci arba'in. Man gas kuma ba ya son sanyi: in ya tsananta sai ya yi kauri kamar kakide ya toshe matatar mai. Sau ɗaya ya yi mini haka, saboda na bar man da na saya tun lokacin zafi a tanki. Yanzu man hunturu nake sa, da maganin da ake zubawa a ciki, kuma ina jona hitar inji da lantarki awa biyu kafin in tayar. Tayoyin baya na sa musu sarƙa, don tayar gona a kan ƙanƙara santsi take yi, ga lambatu yana jira a gefe.

Abin da na fi so mai sabon inji ya sani shi ne wata ƙusa mai noti da aka yi ta musamman don ta karye. In injin feso ya haɗiye dutse ko guntun itace, ita ce ke tsinkewa don giyar ta tsira. Kada a maye ta da ƙusa mai ƙarfi don an gaji da canzawa. Kuma in bututu ya cushe, a kashe tarakta, a zare makulli, a jira komai ya tsaya cak, sannan a sa sanda. Hannu ba ya shiga wurin nan ko da inji a kashe yake.

Gwajin gaske ya zo a tsakiyar Janairu 2024, guguwar da ta sa aka ɗage wasan Bills da Pittsburgh daga Lahadi zuwa Litinin. A wannan karon ban tashi ƙarfe biyun dare ba. Na yi barcina, na yi asuba, na jira gari ya waye, sannan na fita. Injin feso bai damu ba ko inci goma ne ko talatin, sai dai ka rage tafiya. Tulin da motar hukuma ke bari a bakin hanya, mai tauri, gauraye da gishiri, wanda a da yake tsayar da motata, da bokiti na kwashe shi. Na zuba shi a hannun dama in kana fuskantar titi, domin daga hagu motar hukuma ke tahowa, in ka tara a can za ta dawo maka da shi.

Duk da haka, da hanyata kwalta ce mai fili a gefe biyu, ko da a inda zubar ba ta wuce inci shida nake, ko da wurare da yawa nake sharewa, garmar mota zan riƙe ba tare da wani tunani ba. Tarakta ba ta tafiyar nesa. Gudunta a titi bai fi na keke ba, shi ya sa filin masallaci ya fita daga hannuna, wani ɗan'uwa mai mota ya karɓa, kuma ina jin rashin wannan aikin. A madadinsa, taraktar tana yi mini aiki duk shekara: yankan ciyawa, baje tsakuwa, ɗaukar itace, da gyaran ɗan lambun da maiɗakina ke shuka kuɓewa da yakuwa.

Yanzu duk ƙarshen Oktoba ni da babban ɗana muke bin hanyar daga gareji har titi. Shi yana tsince duwatsu da rassan da suka faɗo yana jefawa a bokitin tarakta, ni ina kafa dogayen sanduna masu launin lemo a bakin lambatu, taku goma goma, don in san inda ƙasa ta ƙare in komai ya zama fari. Bara da muka kai bakin titi sai muka hango dattijon nan yana kafa nasa. Ya ɗago hannu, ya tambaye ni ko na sayi ƙusoshin karyewa. Na zaro guda shida daga aljihun rigar sanyi na nuna masa.