Madannai 40 sun ishe ni

Kwamfutar da nake haɗawa a ɗakina da Z80 take aiki, ƙwaƙwalwar nan da kamfanin Zilog ya fitar a 1976. Ta riga ta tashi, har tana nuna rubutu a tsohuwar talabijin. Saura kibod, kuma a nan ne lissafin kuɗi ya fara ɗaure min kai.

Wani abokina mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano ya ce, "Malam, ina dalilin wannan wahala? Ga kibod na USB nan jibge a kasuwa." Da gaskiyarsa, sai dai Z80 ba ta jin yaren USB. Dole a sa wani ayisi, wato wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ya yi musu tafinta, shi kuwa tafintan ya fi kwamfutar gaba ɗayanta ƙarfi da sauri. Raina bai kwanta da haka ba. Tsohon kibod irin na PS/2 da IBM ta kawo a 1987 ya fi sauƙin sha'ani, amma yanzu sai an tona kayan 'yan gwangwan kafin a dace da mai rai.

Sai na koma ga dabarar kamfanin Sinclair na Ingila a kwamfutarsa ZX Spectrum ta 1982. Madannai 40 kacal, waya 13. An saƙa su kamar tabarma, 8 a kwance, 5 a tsaye, kowane madanni yana zaune a mahaɗar waya biyu. Kwamfutar za ta sauke wutar layi ɗaya na kwance zuwa sifili, ta leƙa na tsayen nan 5, wanda ta tarar ya sauka ta san an danna shi. Haka take zagaye layukan sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya fi burge ni, layukan adireshi na ita kanta Z80, daga A8 zuwa A15, su ke zaɓen layin, ba sai an ƙara wani ayisi don wannan aikin ba. Wanda ya tsara wannan ya san zafin kuɗi.

Saƙar tana da aibinta. In ka danna madannai uku da suka yi kusurwa, wuta kan bi ta bayan gida ta nuna na huɗu wanda ba a taɓa ba. Maganin shi ne a sa dayod 1N4148, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a gindin kowane madanni. Kuɗinsu ba wani abu ba ne, aikin dalmar ne da yawa, ƙafa 80 ke nan a zaune cikin zafi.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne fanel, wato allon da ake dalmar madannan a kai. Masana'antun Sin da ke buga fanel suna yin rangwame sosai in bai wuce santimita 10 kowane gefe ba, kuma guda 5 suke bugawa. Tazarar madannai da yatsa ya saba da ita milimita 19.05 ce, to 10 a jere sun haura santimita 19, farashi ya tashi ke nan. Amma 5 a jere milimita 95.25 ne, sun shige cif. Shi ya sa na zana fanel ɗaya mai madannai 20 a manhajar zane ta KiCad, in aka jera biyu kafaɗa da kafaɗa sun zama kibod guda, ga ragowa ko da wani ya lalace.

Madannai irin na Cherry MX akwai daɗin dannawa, ba musu, amma hulunansu masu rubutu sun fi ƙarfin aljihuna. Ƙananan nan masu milimita 6 kuwa, ka buga layi goma na BASIC, yaren ba kwamfuta umarni, yatsa ya yi tsami. Na tsaya a kan masu milimita 12 da ke zuwa da murfi garai-garai. Na bugo haruffan a takarda, na yayyanka da reza, na cusa a ƙarƙashin murfin.

Da yake ni ke yanka takardar, ni kuma ke zana haruffan cikin ROM, ma'ajiyar dindindin ta kwamfutar, a ɗigo 8 sau 8, na ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ mazauni: ka riƙe madannin alamomi ka danna b, d, k ko y. Lanƙwasar ƙ ce ta fi ba ni aiki, don da ƙyar take bambanta da k a talabijin ɗin.