Tagogi biyu a rufin ɗakinmu

Shekara huɗu ke nan muna zaune a hawa na ƙarshe na wani tsohon gidan bene a Ingila, can ƙarƙashin rufi, inda bango ke kwantowa har sai mutum ya sunkuya kafin ya isa lungu. A da, taga ɗaya tal muke da ita, ƙarama, tana kallon arewa. A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, tun da hantsi muke kunna fitila. Ganin 'yata tana aikin makaranta a ƙarƙashin ƙwan lantarki da rana tsaka ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da na yi niyyar sa taga a rufin, duk wanda na tuntuɓa sai ya ce, "Ai tagar rufi ba ta buƙatar izini." Da gaskiyarsu, amma rabin zancen suka riƙe. Dokar gine-gine ta 2015 ta yarda mai gida ya sa irin wannan taga ba tare da neman izini ba, muddin ba ta ɗago sama da santimita 15 daga shimfiɗar rufin ba, kuma ba ta wuce ƙololuwarsa ba. Idan a gefen gida take, dole gilashin ya zama mai dishi-dishi, kuma kada ta buɗu sai in wurin buɗewar ya kai mita 1.7 daga daɓe, don kada a riƙa leƙen maƙwabta. Sai dai wannan sassauci na mai gida sukutum ne. Wanda ke da sashe ɗaya a ginin da aka raba hawa-hawa, irina, ba ya ciki. Da na bi maganar mutane na kira kafinta kai tsaye, da ƙaramar hukuma na iya sa ni in cire tagar in mayar da rufin yadda yake.

Ga wani ƙarin kuma: unguwarmu tana cikin wuraren da aka keɓe don adana kamannin tsoffin gine-gine. Ni tagogi uku na so, biyu a baya, ɗaya babba a gaba inda rana ke bugawa. Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma da ta duba zanen ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa ta gaban da wuya ta samu shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da yamma na tsallaka titi na tsaya ina kallon layinmu: rufi bayan rufi, duka na baƙin dutse, sun jeru ba abin da ya katse su sama da shekara ɗari. Na hango gilashina a tsakiya yana walƙiya shi kaɗai. Ban daina son hasken ba, amma a nan na janye ta gaban da kaina.

Na baya biyun aka amince da su cikin mako takwas ɗin da doka ta ɗiba, da sharaɗin su kwanta daidai da rufin, firam baƙi, da siririn ƙarfe a tsakiyar gilashin irin na da. Kafin nan sai da na samo takardar yardar mai ainihin ginin, domin ɗakin ne nawa, rufin nasa ne. Bayan izini kuma akwai masu duba ingancin gini, waɗanda aikinsu daban ne: su nauyi da ɗumi da gobara suke kallo.

Ranar aiki ban matsa ko nan da can ba. Faɗin tagar ya fi tazarar katakan da ke ɗauke da rufin, don haka dole a yanke guda. Kafintan bai taɓa zarto ba sai da ya tokare shi, ya ninka katakan dama da hagu, sannan ya gitta wasu sama da ƙasa su karɓi nauyin. Inda ya fi daɗewa shi ne kwanon da ke zagaye firam ɗin. Ya fara daga ƙasa, kowane yanki yana hawa kan na ƙasansa, ya ce yawancin yoyon da ake ɗora wa taga daga nan yake fitowa. Samfurin Velux muka sa, na kamfanin da injiniya Villum Kann Rasmussen ya kafa a Denmark a 1941, mai juyawa a tsakiya, har ana iya goge bayan gilashin daga ciki.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne zafi. Da Yuli ya zo, ɗakin ya koma kamar tanda, labulen ciki kuwa bai hana komai ba, tunda zafin ya riga ya ratsa gilashi. Sai da muka sa rumfar waje sannan muka samu sa'ida.

Washegarin da aka gama, na tarar da 'yata ta jawo teburinta ita kaɗai zuwa ƙarƙashin tagar hagu. Ta ce, "Baba, kashe fitilar, ina gani." Har yau teburin yana nan, gefensa ɗaya ma ya fara koɗewa saboda rana.