Kwabo mai huji na 1952

Yau Asabar, kuma tun bayan sallar asuba nake zaune da kwabon da aka tsinta ranar Talata a ɗakin marigayiya kakarmu, lokacin da magina suke kwashe ƙasar bangon da ruwan daminar bana ya zubar. Kwabo ne mai huji, ya lanƙwashe kaɗan a gefe guda, ƙasa ta daskare a jikinsa, wani koren gari kuma ya fito masa a wurare uku kamar an yayyafa masa kuka.

Da Inna ta ga na shimfiɗa farin ƙyalle ina jujjuya shi, sai ta ce, "Kai kuwa me kake jira? Jiƙa tsamiya, ka goge shi da toka, yanzu zai yi ƙyalli." Haka ta ga ana wanke farantan tagulla tun tana yarinya, kuma a kan faranti dabarar tana aiki. Na ce mata, "Inna, a yi mini haƙuri, wannan ba ƙyalli nake nema masa ba." Tsami yana cinye baƙar fatar da shekaru suka yi wa tagulla, toka kuma tana kankare rubutu, alhali fatar nan ita ce take kare ƙarfen daga iska da danshi. Idan aka cire ta, kwabon zai yi ja na 'yan kwanaki, sannan ya koma dusashe, ga ramuka a fili.

Abin da ya dame ni shi ne koren garin. Kore iri biyu ne yake fitowa a jikin tagulla. Akwai mai duhu, mai tauri da santsi, wanda ya manne da ƙarfen, shi ba ya cutarwa. Akwai kuma mai haske, mai laushi, wanda yake zubowa idan an taɓa shi da tsinke, kuma shi ne masu adana kayan tarihi suke kira cutar tagulla. Gishirin da yake cikin ƙasa ne yake shiga jikin jan ƙarfe ya kwanta, to duk lokacin da ya samu danshi da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, cin ya sake haifar da wani gishirin, a haka har rami ya zurfafa. Da na sa tsinken sakace a tabo na farko, garin ya zubo a kan ƙyallen, na tabbata cewa cutar ce, kuma danshin watan Agusta yana ƙara mata ƙarfi.

Na sayo ruwan batir, wato tataccen ruwan da ba a haɗa shi da asid ba, domin ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da irin gishirin da nake son fitarwa. Na jiƙa kwabon na awa biyu a cikin kwalba, sannan na fara ɗauke ƙasar da tsinke da burushin haƙori mai laushi, ina dubawa da madubin masu gyaran agogo. Aikin ya ci ni har azahar. Tauraro mai tsini shida ne ya fara bayyana kewaye da hujin, sai rubutun BRITISH WEST AFRICA, sai lambobin shekara, 1952, ɗaya daga cikin ramukan yana daf da lambar ƙarshe. A ɗaya fuskar akwai kambin sarauta, da sunan Sarki George na Shida, da darajar kuɗin a rubuce da haruffan boko da na Larabci. A watan Fabrairun shekarar nan Sarkin ya rasu, kuma a shekarar ne aka fara buga wannan kwabo da tagulla, domin na shekarun baya farin ƙarfe ne. Na kuma hango ɗan ƙaramin harafin H, alamar gidan buga kuɗi na Heaton da ke Birmingham a Ingila.

Na kai wa Inna ta gani. Ta riƙe shi a tafin hannu, ta lissafa mini yadda suka san kuɗin: anini goma kwabo ɗaya, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule. Kuɗi ɗaya ne ake kashewa a lokacin daga Nijeriya har Gambiya da Saliyo da ƙasar da ta zama Ghana. Ta nuna mini gefen hujin inda ya goge ya yi santsi, ta ce zare ne ya ci shi, domin kakarmu a zare take jera kwabbanta ta ɗaura a ƙugu. Tun da na ji haka na fasa tunanin miƙar da lanƙwasar, kuma dama ƙarfen da cuta ta rarake yana iya tsagewa idan aka matsa masa.

Da la'asar na koma kan ramukan uku. Na kwashe garin a hankali har na kai ga wani ja-ja mai duhu a ƙasan kowane rami, a nan na tsaya, domin abin da yake ƙarƙashinsa jikin kwabon ne. Maganin da aka saba amfani da shi wajen zuƙe gishirin shi ne a narkar da sodar wanki da sodar yin burodi (baking soda) daidai wa daida, giram biyar na haɗin a cikin mililita 100 na tataccen ruwa, a jiƙa kwabon na makonni ana canja ruwan. Wannan haɗin shi ne ainihin sinadarin da yake cikin kanwa, sai dai kanwar kasuwa tana gauraye da gishiri, saboda haka ba zan kusantar da ita ba. Shi kansa haɗin yana iya sauya launin fatar idan ya daɗe, don haka na yanke shawarar fara mako guda da tataccen ruwa zalla, ina canjawa kullum, kafin in sa shi.

Idan jiƙon ya kammala zan busar da shi sarai, in ajiye shi makonni biyu in ga ko koren zai dawo. Sai ya tabbata bai dawo ba zan shafa masa kakin adana kayan tarihi, domin rufe shi da wuri tamkar rufe gyambo ne da ruɓa a ciki. Na riga na tara ƙananan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin sababbin takalma, na kuma naɗe ambulan na takarda, saboda wasu ledojin roba masu laushi su ma suna fitar da abin da yake cin tagulla.

Bayan isha na canja ruwan karo na farko, na rubuta kwanan wata a murfin kwalbar, na ɗora ta a saman kabad inda hannun yara ba zai kai ba.