Abin da ofishin safiyo ya koya min game da taswira

Ƙarshen watan nan zan bar ofishin safiyo, kuma akwai maganar da nake so ƙannena da ke shigowa su ji daga bakina, tunda a fayil an rubuta ta a karkace.

Aikin jan bututun ruwa ne daga rijiyar burtsatse zuwa wani ƙauye. Oga ya miƙo min taswira mai ma'aunin 1:50,000, wato kowace santimita a takarda mita 500 ce a ƙasa. Da na ɗora rula a kan layin ma'aunin da ke gindinta, sai na ga kilomita ɗaya, da ya kamata ya ci santimita 2, ya tsaya a 1.4. Ashe fotokofi aka yi daga A3 zuwa A4. Zanen ya ƙanƙance, lambar da aka buga kuwa tana nan daram. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan an rage ta." Ya ce tun ban shiga firamare ba yake karanta taswira. Aka yi lissafi da lambar, bututu ya ƙare, ƙauyen na can gaba. Takardar tuhuma kuma ni ta zo wa. Har yau in na tuna yadda ya sa mata hannu ko ɗago kai bai yi ba, raina yakan sosu. Layin ma'aunin nan na gindin taswira shi ke raguwa tare da takarda, shi za ku fara aunawa.

Ko taswirar da ba a taɓa ba, ma'auninta ba ya zama daidai ko'ina, domin duniya dunƙulalliya ce, kuma ɓawon lemo ba ya shimfiɗuwa sai ya tsage. A tsarin Mercator na 1569, wanda ya cika bangon azuzuwa, Girinland takan fito kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Mu da ke aiki da UTM, wato tsarin taswira da ya raba duniya shiyya-shiyya, a shiyya ta 31 zuwa 33 muke; a tsakiyar shiyya ana ninka tazara da 0.9996, ragin santimita 40 ke nan a kowane kilomita. A filin gida ba a ji, amma a hanya mai kilomita 50 ya zama mita 20.

Ku tambaya wane tushen awo aka ɗora lambobin wuri a kai, ko na Minna aka bi ko na duniya, WGS84, kafin ku haɗa lambobin wani da naku. Gyaran da kuka faɗa wa na sama da baki kuma, ku bi shi da rubutu mai kwanan wata, ku adana kwafi a gida.