Juma'a, 5 ga Yuli 2024: ranar da na tashi a sabuwar mazaɓa

Jiya ban runtsa ba. Ƙarfe goma na dare BBC ta fitar da hasashenta cewa jam'iyyar Labour za ta lashe kujeru 410 a zaɓen majalisar dokokin Birtaniya, daga nan na san barci ya ƙaura. Uwargida ta taya ni zama har sha biyu, sannan ta miƙe ta ce, "Malam, kai da ko kansila ba ka nema, me za ka tsinta a zaman nan?" Ta ja ƙofa. A wannan wata asubar Landan tana yi tun wajen ƙarfe uku, sai na ce bari in haɗa duka, in yi salla in ga ƙarshen abin. Na ga faɗuwar ministan tsaro Grant Shapps, gari na wayewa kuma tsohuwar firayim minista Liz Truss ta rasa kujerarta da ƙuri'a 630 kacal. Duk babban da ya faɗi, sai 'yan jarida su ambaci sunan Michael Portillo, ministan Conservative da ya sha kaye ba zato a zaɓen 1997. Abin da ya ba ni dariya, kujerar da Portillon ya faɗi a kanta ita ce ta unguwarmu, kuma a wannan daren babu ita.

Enfield Southgate ke nan. Da na je jefa ƙuri'a jiya, riƙe da koren fasfona (ɗan Najeriya mai izinin zama yana zaɓe a nan, albarkacin ƙungiyar Commonwealth), takardar da aka miƙo mini Southgate and Wood Green aka rubuta a samanta. Fensir ɗin dai na nan ɗaure da zare kamar kullum. Hukumar shata iyakoki ce ta yi aikin: doka ta ce kusan kowace mazaɓa cikin 650 ta kasance da masu zaɓe tsakanin 69,724 da 77,062, sai aka yanka tamu. Mu na Palmers Green da Southgate aka haɗa mu da Wood Green ta ƙaramar hukumar Haringey, mutanen Winchmore Hill aka tura su wajen Edmonton.

Na ɗan kwanta da hantsi, na farka sabon firayim minista Keir Starmer yana jawabi a ƙofar gidan firayim minista da ke Downing Street, na yi wanka na nufi masallaci.

Bayan an idar na tarar da Alhaji a bakin ƙofa yana laluben takalminsa. Shi ne dattijonmu a wannan yanki, karatu ya kawo shi tun ina goye, ya yi aure ya zauna. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ka kalli zaɓe?"

"Ɗana, wannan ai wasan yara ne. Da ka ga na 97."

Sai ya ja ni muka shiga wani shagon Girkawan Cyprus a kan Green Lanes, ya sa aka kawo mana shayi da wata waina mai zuma. A nan na sha tarihi, wani na sani, wani sai yau na haɗa shi wuri ɗaya.

An kafa mazaɓar a 1950 da sunan Southgate. Unguwa ce da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haifa: layin Piccadilly ya iso a 1933, da tasharsa mai da'ira wadda har yau take tsaye, sai gonaki suka koma gidaje biyu-biyu manne da juna, kowanne da ɗan lambu a baya. Ma'aikatan banki da akawu da 'yan kasuwa suka cika su, mutanen da ke shiga gari da safe su dawo da yamma, kuma ƙuri'arsu ta Conservative ce ba tambaya. Beverley Baxter ya riƙe kujerar har 1964, Anthony Berry ya gaje shi. Berry na cikin mutum biyar da bam ɗin IRA, ƙungiyar 'yan tawayen Ireland, ya kashe a otal ɗin Grand da ke Brighton ranar 12 ga Oktoba 1984, lokacin taron jam'iyya, bam ɗin da Margaret Thatcher aka ɗana wa. A zaɓen cike gurbi na Disambar shekarar aka kawo Michael Portillo, ɗan shekara 31, ɗan wani malami da ya gudo daga Sifaniya bayan yaƙin basasa.

A 1992 Portillo ya ci da ratar ƙuri'a fiye da 15,000. Ya zama ministan tsaro, kowa na cewa da zarar firayim minista John Major ya sauka shi ne shugaban jam'iyya. Alhaji ya ce su kansu 'yan Labour na unguwar ba su sa rai ba, ana ma kwasar su a mota zuwa wasu mazaɓu inda ake ganin akwai fata. Ga shi kuma mutane sun ƙullaci jam'iyyar kan shirin sayar da ofishinta na Winchmore Hill ga McDonald's. Masu goyon bayan Liberal Democrats da yawa suka toshe hanci suka dangwala wa Labour. Wajen ƙarfe uku na daren 2 ga Mayu 1997 aka karanta sakamako: Stephen Twigg na Labour, ɗan unguwa mai shekara 30 da ya yi sakandare a Southgate, ya ci da ratar 1,433.

"Yaron nan," in ji Alhaji, yana juya cokali a kofi, "ido kawai ya ɗaga sama, shi ma bai yarda ba. Shi kuwa Portillo ya tsaya ƙyam, ya taya shi murna, ya sauka. Ba kotu, ba 'yan daba."

Wannan jimlar ta ƙarshe ni ya jefa wa, na kuma gane, na yi shiru na ci wainata.

Yawanci a nan mutane ke tsayar da labarin, amma ni abin da ya biyo baya ya fi ɗaukar hankalina. Twigg ya ƙara rata a 2001, ya zama ƙaramin ministan ilimi, sai ga shi a 2005, ana cikin fushin yaƙin Iraƙi, David Burrowes na Conservative ya kayar da shi. Burrowes ya yi shekara goma sha biyu, ya goyi bayan ficewa daga Tarayyar Turai a unguwar da mafi yawanta suka zaɓi a zauna, 2017 ta zo aka sallame shi. Bambos Charalambous na Labour, wanda iyayensa Girkawan Cyprus ne kamar mai shagon da muke ciki, ya karɓa. Wato kujerar da ta yi shekara 47 a hannu ɗaya ta sauya hannu sau uku cikin shekara ashirin. Gidajen su ne na 1930, masu kwana a cikinsu ne suka sauya: Girkawa da Turkawa, Yahudawa, mutanen Indiya, mu, da matasan da tsadar haya ta koro daga tsakiyar gari. A ganina wannan ya fi bayanin abin fiye da duk wata dabarar kamfe.

Portillo ya koma majalisa ta Kensington and Chelsea a 1999, daga baya ya bar siyasa ya kama shirye-shiryen tafiye-tafiyen jirgin ƙasa a talabijin, da riguna masu launin da ke kashe ido. Twigg ya samu kujera a Liverpool, yanzu shi ne babban sakataren ƙungiyar majalisun Commonwealth. Charalambous ne ya ci sabuwar mazaɓarmu daren jiya, saboda haka ni wakilina bai canza ba.

Alhaji ne abin ya shafa, domin gidansa a Winchmore Hill yake. Na tambaye shi wa ya samu. Ya ce Kate Osamor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, mahaifiyarta Martha ma tana majalisar dattawa ta Lords. Na ce to ai gida ya zo gida. Ya harare ni ya ce shi matsalarsa kwandon shara ne da ba a kwashewa a kan lokaci, kuma wannan aikin kansila ne, ko wa aka zaɓa. Ya hana ni biyan kuɗin shayi, na raka shi tashar bas ta 329.