Dagin bangon tsakar gida ya kama, babu tsaga

Alhamdu lillahi, 'yan uwa masu koyo, dagin bangon tsakar gida, wato zanen ado mai tudu da na yi da siminti, ya bushe, babu tsaga ko ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, don na farko da ya ɓanɓare ya tafi da buhun siminti guda da kuɗin lebura, ga kuma tsadar siminti a yanzu.

Daga hotunan gidajen unguwar Birni ta Damagaram da na Gidan Makama a Kano na ɗauko samfurin. Mai neman zane a hoto ya kula, hoton da haske ya daki bangon ta gaba ba ya nuna kaurin tudun. A nemi wanda aka ɗauka da hantsi ko la'asar daga gefe, inuwar ce ke faɗa maka inda zane ya taso da inda ya nutse. A raba hoton gida goma tsaye, goma kwance, a ja irinsu a bango da igiya da gawayi, sai a kwafa gida-gida.

Amma waɗancan bangayen na ƙasa ne. Magini yana ɗora zanen da hannu tun yaɓen na ɗanye, ƙasa kan ƙasa, daga baya a bi da makuba, wato shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa. Namu bulo ne da tsohuwar filasta mai santsi, kuma nan wahalar take. Tudu mai kaurin santimita 3 in aka ɗora shi lokaci guda, busasshen bango yana zuƙe ruwan kwaɓin ta baya, iskar hunturu na busar da shi ta gaba. Sai ya tsage, musamman a mahaɗa inda wani layi ya hau kan wani, don nan ya fi kauri. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga, to bai kama ba. Ƙara siminti ba magani ba ne, kwaɓi mai yawan siminti ya fi tsukewa wajen bushewa.

Abin da ya yi aiki: an sassare filastar da bakin guduma a duk inda zanen zai bi, aka jiƙa bangon tun da dare kafin ranar aikin, aka watsa ruwan siminti mai kauri ya yi kaushi. Sai ragar waya irin ta kejin kaji, a yanka ta daidai faɗin layin, a kafe da ƙusar kankare. Kwaɓi kuwa kwano 1 na siminti, 4 na yashi mai kaifi da aka tankaɗe, ba mai laka ba. Hawa biyu, kowanne kada ya wuce santimita ɗaya da rabi. A kakkarce na farko da ƙusa, a bar shi ya kwana kafin na biyu. A mahaɗa, layin da ya bi ta ƙasa ya tsaya a hawa ɗaya. Bayan nan a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ruwa safe da yamma har kwana 7. Wannan ban ruwan kada a yi wasa da shi.

Fenti sai bayan sati huɗu. Shukar lallen da zan jera a gaba kuma zan ja ta mita ɗaya daga gindin bango, don ruwan da ake ba shuka yana hawa bulo ya fito da farin gishiri, ya kumbura fenti.