VCD, DVD da Blu-ray a Gida Ɗaya: Wane Faifai ke Shiga Wace Na'ura?

Duk wanda ya tara faifai tun lokacin da finafinan Kano ke shigowa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa kwali-kwali, ranar da ya sayi babbar tele ta zamani sai ya fara tunanin ko tsofaffin faifansa sun tashi aiki ke nan. Ba su tashi ba. VCD da DVD da Blu-ray suna iya zama gida ɗaya, sai dai hanyar ɓangare ɗaya take bi: sabuwar na'ura tana karanta tsohon faifai, tsohuwa kuwa ba ta taɓa karanta sabo. Kuma ko wannan ƙa'idar tana da giɓi idan aka zo kan VCD, wanda shi ne ya fi yawa a akwatunan gidajenmu.

Dalilin yana cikin idon na'ura. Faifan ukun faɗinsu ɗaya ne, santimita 12, amma hasken lezar da ke karanta su ya bambanta. VCD, wanda ya fito a 1993, faifan CD ne zalla, ana karanta shi da leza mai tsawon zango nanomita 780, kuma ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim ɗaya yakan zo a faifai biyu. DVD ya fito a Japan a 1996 da jan leza mai nanomita 650, yana ɗaukar gigabait 4.7 a shimfiɗa ɗaya, 8.5 a shimfiɗa biyu. Blu-ray na 2006 shuɗin leza gare shi mai nanomita 405, gigabait 25 ko 50. Gwargwadon gajartar zangon haske, gwargwadon ƙanƙantar ramukan da yake iya bambancewa. Jan leza ya yi wa ramukan Blu-ray kauri, don haka na'urar DVD ba za ta gan su ba ko da an goge idonta sau ɗari. Ita kuwa na'urar Blu-ray an saka mata leza fiye da ɗaya a kanta, shi ya sa take komawa baya ta karanta DVD.

Wannan komawa bayan ita ce ta sa ba a yi yaƙi tsakanin DVD da Blu-ray ba. Yaƙin gaske an yi shi ne tsakanin Blu-ray na ɓangaren Sony da HD DVD na Toshiba, waɗanda suka fito shekara ɗaya suna neman kasuwa ɗaya, kuma na'urar ɗaya ba ta karanta faifan ɗayan. Da kamfanin finafinai na Warner ya koma ɓangaren Blu-ray a Janairun 2008, wata mai bi masa Toshiba ya janye. Idan ka ci karo da faifai mai tambarin HD DVD a cikin kayan gwanjo, bar shi inda ka gan shi, na'urar DVD ta gida ba ta karanta shi, ta Blu-ray ma haka.

Matsalar VCD daban ce. Lezar da zai karanta shi tana nan cikin yawancin na'urorin Blu-ray, tunda suna kunna CD na waƙa, amma kamfanoni da yawa ba su saka manhajar da ke gane tsarin VCD ba, musamman a na'urorin da aka ƙera don kasuwar Turai da Amurka, inda VCD bai taɓa yin tashe ba. Sai ka saka faifai lafiyayye, na'ura ta yi ta juyawa, ta ce ba ta san shi ba. PlayStation 4 ma tana kunna DVD da Blu-ray amma ba ta karɓar CD kwata-kwata, balle VCD. Kafin ka biya kuɗi, duba tambarin da ke gaban na'urar ko bayan kwalinta, ko ma ka tafi da faifan VCD ɗaya a aljihu a gwada a gabanka. A ganina duk mai tarin VCD kada ya rabu da ƙaramar na'urar DVD ɗin nan ta China mai cin komai. Ba ta da kyan gani, amma a wannan aikin ta fi mai tsada amfani.

Sai maganar waya. Tsohuwar tele mai ƙaton baya ramuka uku gare ta, ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na murya. Na'urorin Blu-ray da aka ƙera bayan 2013 an cire musu wannan ramin hoton saboda dokar hana kwafi, HDMI kawai suke da shi, wato ramin waya ɗaya mai kai hoto da murya zuwa tele ta zamani. Akwai ƙaramin akwati mai juya HDMI zuwa waya uku, yana aiki, amma yana sauko da hoton zuwa matakin DVD, ka ga an biya kuɗin Blu-ray an kalli DVD. Mai tsohuwar tele ba shi da wata riba a Blu-ray sai ranar da ya canza tele.

A kan sabuwar tele kuma lissafin ya juya. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD 720 da 576. Na Blu-ray 1920 da 1080, wato ninki biyar na DVD, kusan ninki ashirin na VCD. Tele ba ta ƙirƙiro abin da babu a faifai, shimfiɗa shi take yi ya cika fuska. DVD na asali yana jure wannan shimfiɗar, musamman idan an haɗa shi da HDMI kuma tele ba ta wuce inci 32 ko 40 ba. VCD kuwa fuskokin ƴan wasa sai su farfashe gida-gida, kamar zanen tabarma. Maganinsa shi ne a bar hoton a sigarsa ta 4:3 da baƙin gefe dama da hagu, kada a ja shi ya cika faɗi, a kuma ɗan ja da baya wajen zama. Faifan nan na "fim goma a ɗaya" kada a ɗora wa tele laifinsa: gigabait 4.7 raba goma bai kai megabait 500 ba ga kowane fim, ƙasa da rabin abin da fim mai awa biyu ke ci a VCD.

Akwai kuma kullen yanki, wato lambar da ke hana na'urar wani yankin duniya kunna faifan wani yankin, wanda ke cin masu sayo faifan asali daga waje. A tsarin DVD, Nijar da Najeriya suna yanki na 5, Faransa da Saudiyya na 2, Amurka na 1. A Blu-ray haruffa ne, Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa duk B, Amurka A, Indiya da China C. Na'urar Blu-ray da aka kawo daga Faransa za ta kunna Blu-ray na yankinmu, amma tana iya ƙin DVD mai lamba 5. Wadda aka kawo daga Amurka ta fi rigima, don bayan kulle, da yawansu wutar 110 suke sha, tamu kuwa 220 ce. Karanta rubutun da ke bayanta kafin ka jona, idan ba ka ga 100–240 ba nemi taransifoma. Ultra HD Blu-ray na 2016 ba shi da kullen yanki, amma sai da tasa na'urar, kuma ba a ganin cikakken hotonsa sai a tele mai 4K.

Abin da ke kashe na'ura a Maraɗi ba sabon faifai ba ne, ƙura ce da zafi da wasan wuta. Idan na'ura ta fara rubuta cewa babu faifai alhali yana ciki, a fara da ido. A cire ta daga wuta, a kwance murfi, a ɗan jiƙa auduga mai tsinke da alkol, a shafa gilashin a hankali ba tare da dannawa ba, don a kan siraran wayoyi yake rataye, a bari ya bushe. Kada a leƙa idon tana kunne. Idan tana karanta CD tana ƙin DVD, ko tana karanta DVD tana ƙin Blu-ray, leza ɗaya ce ta gaji, sai canjin kan gaba ɗaya. Wasu masu gyara sukan murɗa ɗan sukurun da ke ƙara wa leza ƙarfi, ta yi aiki na ɗan lokaci sannan ta ƙone ɗungurungum, ban ba da shawarar haka ba. Tire da ya ƙi fitowa yawanci ƴar robar da ke jansa ce ta saki saboda zafi. Faifai da ke juyawa da ƙyar, motar tsakiya ce. Na'urar da ke mutuwa tana tashi da kanta kuwa, a duba kwandansan ɓangaren wuta, za a ga kansu ya kumbura. Regilato da ƙyallen rufewa lokacin hunturu sun fi duk wannan gyaran araha.

Shi kansa faifan, a goge shi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, don karcen da ya bi layin rubutu shi ne na'ura ba ta iya tsallakewa. VCD ta saman da ake rubuta suna ya fi rauni, bayanan suna dab da fentin, biro mai tsini yana iya huda su. DVD bayanansa na tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace. A ajiye su a tsaye cikin gidajensu, nesa da taga da rufin kwano.

Waɗanda suka fi damuna su ne faifan da aka ƙona a kwamfuta, masu ƙasa shuɗi ko shunayya: bikin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, tafsirin malamin da ya riga mu gidan gaskiya. Rubutunsu a kan rini yake, rana da zafin watan Afrilu suna cinye shi, kuma babu kamfanin da zai sake fitar da su a Blu-ray ko a intanet. Ga shi masu ƙera na'urorin suna raguwa, Oppo ya daina a 2018, LG ma ya bi sahu a ƙarshen 2024. A kwafe su tun suna karantuwa. A VCD, buɗe jakar MPEGAV ka kwashi fayilolin da ke ƙarewa da DAT. A DVD, ɗauki jakar VIDEO_TS gaba ɗayanta, kada ka tsinci fayilolin VOB da ke cikinta ɗaya-ɗaya. Manhajar VLC tana kunna duka biyun. Idan kwafi ya tsaya a tsakiya, goge faifan ka gwada wata kwamfutar, sau da yawa wani idon yana wuce inda wani ya maƙale. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu, ɗaya a rumbun kwamfuta, ɗaya a kile ko katin waya a gidan wani ɗan'uwa, a riƙa buɗe su ana dubawa ko sau ɗaya ne a shekara, don katin waya shi ma yana lalacewa ba tare da ya nuna alama ba.